Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Idan ka tsaya a bakin titin Tungan Maje ka tambayi Malam Manniru Datti, da wuya ka sami mai nuna maka hanya. Amma ka ce Mai Gadin Rana kake nema, wallahi har mai tallan rake zai miƙa hannu ya ce ka bi ta bayan kasuwa, ka ratsa gonakin doya, za ka hangi wani ɗan ɗaki shi kaɗai a tsakiyar fili, an kewaye shi da fararen duwatsu. Sunan bai taɓa yi masa zafi ba. Shi da kansa yake faɗar sa, har da buga ƙirji.

Bazazzagi ne, gajere, mai kaifin baki, kuma gyaran agogo ya gada. Ya sauka Abuja a shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da kowa ke cewa kuɗi na yawo a sabon birni ba mai tsinta. Ya kafa teburinsa a Dei-Dei, tsakanin masu rodi da masu kwanon rufi. Shekara biyu yana cin kasuwarsa, don direbobin manyan motoci da dillalan shanu kowa da agogo a tsintsiyar hannu. Sai wayar salula ta shigo. Shi ke nan, kowa ya koma duba lokaci a waya, teburin Manniru ya zama wurin hira da cin gyaɗa.

Yana cikin wannan zaman kashe wando ne wata mata ta tsaya a gabansa da akwatin katako a rungume. Ta ce sunanta Dakta Rabi'atu, malamar jami'a ce. Ta buɗe akwatin, sai ga wata na'ura ta tagulla mai kama da madubin masu awon titi. Wani ɗan noti ne ya karye mata, bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma duk inda ta kai sai su ce za su sa mata na baƙin ƙarfe.

"Ba a sa mata baƙin ƙarfe," in ji ta. "Duk abin da mayen ƙarfe ke kamawa, ba ya kusantar ta."

Manniru ya juya karyayyen notin a tafin hannu. Ya jawo gawar wani tsohon agogon bango, ya cire ɗan guntun tagulla, ya maƙala gilashinsa a ido, ya yi ta goga. Kafin la'asar noti ya zauna daram. Ita kuwa ba notin take kallo ba, hannunsa take kallo, don tun da ya fara aikin bai yi rawa ko sau ɗaya ba.

"Malam, ka san rana tana hura iska?" ta tambaye shi.

"Zafi dai na san tana hurawa, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya ta jawo benci ta zauna. Ta ce ba irin iskar da ke kaɗa ganye ba ce. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne masu ɗauke da lantarki, suna fita daga jikin rana ba dare ba rana, ta kowane ɓangare. Gudunsu kuwa, daga nan zuwa Kano cikin daƙiƙa ɗaya. Duk da wannan gudu, sai sun kwana uku ko huɗu a hanya kafin su iso duniya. Allah ya yi wa duniya garkuwa ta maganaɗisu, ita ke tare su. In iskar ta bugi garkuwar sai ta girgiza, kuma ana jin girgizar har a doron ƙasa, in mutum yana da abin ji. Ita abin jin take so ta kafa a bayan Tungan Maje, kuma tana neman mai hannu.

"Kwana huɗu a hanya?" in ji Manniru. "Ashe nisan ya kai haka. To, ni ne mai hannun, kada ki wahalar da kanki da nema."

Haka yake. Bai taɓa sanin wani abu wai shi shakkar kai ba.

Aikin ga yadda yake. Na'ura biyu ce. Ɗaya an binne ta a rami a tsakiyar fili, ita ke sauraren girgizar ba dare ba rana tana aika wa kwamfuta a ofis. Amma tana da hali irin na agogo mai gudu: zafi ya ja ta nan, damina ta ja ta can. Dole a riƙa daidaita ta da awon hannu. Awon hannun shi ne a ɗan ɗakin nan, wanda aka gina ba rodi, ba kwano, ƙusoshinsa ma na tagulla ne. Kowace Litinin da Alhamis da safe, mutum zai shiga ya ɗora na'urar tagulla a kan ginshiƙin dutse, ya saita madubinta da wani farin turke da ke kan tudu can nesa, ya juya ta a hankali har akwatin lamba ya nuna sifiri, sannan ya karanta 'yan siraran layukan da ke jikin zobenta. Sau takwas ake yi. A rubuta a babban littafi, a layin ƙarshe a sa sunan wanda ya auna.

Kafin ka taka fararen duwatsun nan, akwai ƙwarya a gindin wata ɗorawa. A ciki ake zuba makulli da waya da agogo da bel, don doka ce ba a shiga da ƙarfe. In ka isa gaban na'urar sai ka matso da jikinka ka dubi akwatin lamba. In lamba ta tsaya, kana da tsarki, in ji Manniru. In ta motsa, koma ka sake lalube.

Dakta ta gaya masa wata magana tun ranar farko, ita ce ta zauna masa a rai. Rana tana da zagaye na shekara goma sha ɗaya: ta yi fushi, ta huce, ta sake yin fushi. Ƙungiyar masanan da suke aiki tare ba ta ɗaukar tasha da muhimmanci sai ta kawo awon zagaye guda cur. Kuma ƙa'idarsu ita ce kada awon hannu ya yanke fiye da mako uku. In ya yanke, lissafin wannan shekara ya tashi a banza, zagaye ya karye.

"Shekara goma sha ɗaya?" in ji shi. "Ki rubuta ki ajiye, Dakta. Da hannun nan zan cika ta."

Ya fara a watan Oktoba na 2003. Bai cika wata guda ba abin ya gwada shi. Wata Alhamis cikin azumi ya shiga ɗaki, lamba ta ƙi tsayawa. Ya juya, ta gudu. Ya fita ya tuɓe riga ya zazzage, ya dawo, tana nan tana tsalle. Ya ce shi ke nan ya lalata kayan mutane. Ya hau babur har inda ake samun sabis ya kira Dakta. Me zai ji? Guɗa! Mace da digiri uku tana rangaɗa guɗa a waya. Ta ce ba shi ba ne, rana ce ta yi wani aman da ba ta saba yi ba, iskar da ke kwana huɗu a hanya wannan karon ko kwana ɗaya ba ta cika ba. Ta ce ya koma ya rubuta duk abin da ya gani.

Daga ranar Manniru ya kamu. Ya dawo da iyalinsa daga Zariya, suka zauna a ɗakuna biyu na bayan ofis. Matarsa Hansatu ɗinkin hula take yi, irin mai ƙananan gidaje wanda sai an ƙirga zare, kuma bakinta bai fi nasa sanyi ba. Ɗakin awo kuwa ta raɗa masa suna ɗakin aljanu.

"Malam, aljanun naka sun karya kumallo kuwa?" takan ce in ya dawo.

"Ke dai yi ta ɗinkinki. Abin da nake yi ya fi ƙarfin kanki."

"Ai kuwa. Mutum ya tuɓe wando ya shiga ɗaki ya yi ta kallon turke."

Ba wando yake tuɓewa ba, bel ne, amma ina amfanin gyara wa Hansatu zance?

Maƙwabcinsu Baba Ishaya, dattijon Gbagyi da ya ba da filin, shi ya fi kowa ɗaukar dokar da zafi. In zai ratsa zuwa gonarsa, sai ya yi dogon zagaye da fartanyarsa a kafaɗa. Wata shekara da gine-gine suka fara cin gonaki, wani ɗan kwangila ya turo tirela cike da rodi za a sauke a gefen filin. Manniru ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanya ya zauna, Baba Ishaya ya zo ya zauna kusa da shi. Direba ya yi hon har ya gaji.

"Oga, ka kai ƙarfenka gaba," in ji Baba Ishaya. "Nan wurin rana ne, ba ya son ƙarfe."

Da yamma tirela ta juya.

A shekarun da rana ta huce, Manniru ya lura da wani abu a littafinsa. Girgiza takan zo, ta tafi, sai ta dawo bayan kwana ashirin da bakwai, kamar mai bin ranar kasuwa. Ya ƙirga sau biyar kafin ya gaya wa Dakta. Dakta ta dube shi ta ce shekara nawa ta yi a aji kafin a koya mata wannan. Rana juyawa take yi, in ji ta, kuma akwai wuraren da iskar ke fita da ƙarfi fiye da sauran. Ka ga famfon ban-ruwan nan mai juyawa da ke lambunan manya a Maitama? Haka iskar ke tafiya a sararin sama, a lanƙwashe, kuma duk zagaye sai feshin ya sake samun ka. To fa! Manniru ya sami abin faɗa. A majalisar mai shayi yakan duba 'yan yatsunsa ya ce ranar Laraba iska za ta iso, masu tauraron ɗan adam su yi hattara, don in ta yi ƙarfi har wayar salula tana rikitawa. In aka yi masa dariya sai ya ɗaga wayar wani ya ce, "Wannan abar ita ta kashe min sana'a, yau ga shi ni ke gadin ta."

Shekara goma da wata uku bai taɓa fashi ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya shiga. Aka yi rasuwa a Zariya, ya je ya dawo tsakanin Alhamis da Litinin. Bikin 'yarsa Khairat ma sai da ya sa aka kauce wa ranakun awo, dangi suka yi ta tsegumi, ko a jikinsa.

Sai ga watan Janairu na 2014. Yana dawowa daga Dei-Dei a kan babur, wata motar ɗaukar kaya ta yi baya ba tare da duba ba, ta murƙushe masa cinyar dama. Ƙashin ya karye gida uku. A asibiti likita ya ce sai an sa ƙarfe. Manniru, yana kwance cikin azaba, tambayar farko da ya yi ita ce, "Likita, mayen ƙarfe yana kama shi?" Likita ya ce yawanci ba ya kamawa, kuma ko yana kamawa, ƙafa ake magana. Hansatu ta sa hannu a takarda tun kafin mijin ya sake buɗe baki. Kuma ta yi daidai, don ba don haka ba da yanzu ƙafa ɗaya gare shi.

Dakta Rabi'atu ta riƙe awon da kanta har mako bakwai, tana tasowa daga aji tana komawa. Amma tafiya na gabanta, wata bakwai za ta yi a wata jami'a a ƙasar waje. Ranar da za ta tashi ta same shi a ƙofar gida yana gwada takawa da sandar katako.

"Malam Manniru, za ka iya kuwa? In ba za ka iya ba gaya min, ko da yake ban san wanda zan samo ba."

"Haba Dakta! Ƙafa ce ta karye, ba hannu ba. Sauka lafiya."

Ranar Litinin ya zuba makullansa a ƙwarya, ya ɗingisa ya tsallake fararen duwatsu. Hansatu na biye da shi don kada ya faɗi, ta tsaya a gindin ɗorawa. Ya ɗora na'ura, ya kunna akwatin lamba, ya matso. Lamba ta yi tsalle. Ya ja da baya, ta dawo. Ya canza sanda, ya canza takalmi, ya tuɓe riga. Ya matso da ƙafar hagu, shiru. Ya matso da ta dama, lamba ta tashi.

Ya kashe akwatin lamba. Mutumin da ya kori tirelar rodi, yau ga ƙarfe a cikin naman jikinsa, inda ba ƙwaryar da za ta karɓa. Ya fito ya zauna a kan dutse, ya rufe fuska da hula, ya yi kuka irin wanda Hansatu ba ta gani ba ko ranar da aka murƙushe ƙafar. Wata bakwai kacal suka rage.

Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "Malam, abin nan karatu ne ko ido?"

"Ido ne, da hannu."

"To ni makauniya ce?"

Ya ɗago ya harare ta. "Ke? Ɗakin aljanun?"

"Su aljanun sun ce ba sa son mata?"

Ya ƙi. Ranar Alhamis ta wuce ba awo, Litinin ta bi ta. Kwana goma sha ɗaya ke nan da awon Dakta na ƙarshe, saura goma zagaye ya karye. Abinci ya daina shiga masa. Ranar Talata da safe ya leƙa inda take ɗinki, ya tsaya yana kallon yadda take ƙirga zare uku ta tsallake biyu ba tare da ta ko runtse ido ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "In kin gama, zo mu gani."

Kwana biyar yana koya mata. Yana tsaye kusa da ita lamba ba ta da amfani, amma hannu yana koyo: yadda ake riƙe numfashi, yadda ake juya noti kamar ana tsoron tashin jariri. Lambobi ba su ba ta wahala ba, mai sayar da hula ce. Layukan zoben kuwa, waɗanda shi sai ya ƙanƙance ido, ita cewa ta yi ai sun fi zaren hula kauri. Suka yi faɗa ya fi sau goma. Ya ce tana gaggawa, ta ce shi ne dai ya tsufa.

Ranar Litinin, kwana goma sha takwas, aka zo awon gaske. Ta cire 'yan kunne da zobe da awarwaro ta zuba a ƙwarya. Shi ya zauna a gindin ɗorawa da littafi a cinya. Ta shiga.

"Malam! Tana motsi!"

Manniru ya ajiye littafi. Ya ce ta duba takalmi. Ta fito ba takalmi ta koma, tana motsi. Ya ce ko akwai ƙugiya a rigar, ta je gida ta sako wata mai ɗaurin igiya, tana motsi. Ta tsefe gefen kitsonta ko an bar wani abu a ciki, babu. Rana ta ɗaga, zufa ta jiƙe su duka biyu, har Manniru ya fara cewa wataƙila haka Allah ya ƙaddara. Baba Ishaya da ke wucewa ya tsaya daga nesa yana kallon su.

"Maman Khairat," ya kira, "wannan abu da yake walƙiya a kanka fa?"

Ta kai hannu ga ɗankwalinta. Allura! Allurar ɗinkin hula, a soke a gefen ɗauri, inda take soke ta tun tana budurwa. Duk mai ɗinki haka take yi, in ta tashi daga aiki ta soke a ɗankwali don kada yaro ya taka. Ta canza riga, ta canza zane, amma ɗankwali da ta kwance sai ta mayar da abinta yadda yake, hannunta ya gyara allurar bai gaya mata ba. Shekara talatin allura na kanta, ta daina jin ta a matsayin wani abu daban.

Ta zare ta, ta jefa a ƙwarya, ta ce, "Munafuka." Ta koma ciki. Can sai muryarta ta fito ta taga.

"Ta tsaya!"

Ta riƙa kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Da aka gama ya yi lissafi, ya gwada da awon Dakta na ƙarshe, abu ya zauna. Ya yi hamdala. Sannan alƙalaminsa ya iso layin ƙarshe, wurin sunan wanda ya auna. Ya ɗan tsaya. Ya tuna ƙungiyar masanan nan da takardunsu, ya ce a ransa wa zai karɓi awon matar da ko firamare ba ta gama ba? In suka ƙi, shekara goma ta tafi. Ban da haka, mu faɗi gaskiya, akwai girman kai: ya riga ya ce da hannunsa zai cika. Ya rubuta Manniru Datti.

Hansatu ta leƙa ta gani. Ta iya karanta sunansa sarai. Ta ɗauki allurarta ta soke a ɗankwali ta wuce gida ko waiwaye babu, kuma wannan tafiyar ta fi masa zagi ciwo.

Haka suka yi wata bakwai. Litinin da Alhamis tana ciki tana kira, yana waje yana rubutawa, yana aika wa Dakta lambobi ta kwamfuta. Rana kuwa a shekarar tana kan ganiyar fushinta, iska na isowa a kai a kai. Har Hansatu ta fara cewa, "Malam, yau kwana ashirin da shida, gobe baƙinka na hanya." Ya daina zuwa majalisar mai shayi. Da aka tambaye shi ya ce ƙafa ce.

Litinin ɗin bayan Babbar Sallah ita ce ranar cikar shekara goma sha ɗaya. Unguwa duk ƙamshin suya. Dakta Rabi'atu ta dawo, ta iso da sassafe da wata takarda a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Suka tsaya a gindin ɗorawa ta karanta masa, tana fassarawa. Ƙungiya ta duba awon tashar, za ta karɓa da zarar an rufe na yau. Kuma sun yi wata magana ta musamman: awon wata bakwai na ƙarshe ya fi na duk shekarun baya tsabta, suna jinjina wa mai awon.

"Malam Manniru, hannunka ƙara kyau ya yi bayan haɗarin! Bismillah, mu shiga, ina so in ga na ƙarshe da idona."

Ta zuba makullanta a ƙwarya ta tsallake duwatsu. Ta yi taku biyar ta waiwaya. Yana nan inda ta bar shi, dogare da sanda, ƙafarsa a bayan farin dutse. Hansatu na tsaye can gefe da tiren nama.

Zai iya cewa ƙafa ce ke ciwo yau. Zai iya shiga ya yi awon, lamba ta karkace kaɗan, wa zai lura da awo ɗaya cikin dubu da ɗari? Duk ya auna wannan tun daren jiya. Amma shekara goma sha ɗaya yana gaya wa mutane cewa ɗakin nan ba a shigar masa da abin da zai sa shi ƙarya.

"Dakta, ba na shiga," in ji shi. "Tun watan Maris ban shiga ba. Ƙarfen ƙafata yana jan lamba. Ga mai awon nan."

Murmushin Dakta ya ɗauke. Ta dawo ta karɓi littafin ta yi ta buɗe shafuka.

"Sunan wa nake gani a nan?"

"Nawa."

"Ka san abin da ka yi? In layi ɗaya na littafin nan ƙarya ne, da wane baki zan ce su yarda da sauran? Ba na aika musu wannan. Gara zagayen ya karye."

Ya dube ta ido cikin ido. "Ranki ya daɗe, sunan ne ƙarya, kuma ni na yi ta. Lambobin gaskiya ne. Ki gwada ta."

Dakta ta dubi Hansatu sama da ƙasa. Hansatu ta ajiye tire, ta cire 'yan kunnen Sallah da awarwaro ta zuba a ƙwarya, sannan ta kai hannu ta zare allura daga ɗankwali ta ɗora a kansu. Ta wuce ciki ba ta jira an ce mata ba. Dakta ta tsaya a bayanta tana kallo har ta gama sau takwas, sannan ta kwance na'urar gaba ɗaya ta sake ɗorawa ta yi nata awon. Fiye da awa guda Manniru na zaune a waje, bai san sau nawa ya karanta duk addu'ar da ya iya ba.

Suka fito. Dakta ta ɗora takardu biyu a kan littafin da ke cinyarsa. Bai buƙaci a yi masa bayani ba, ya ga lambobin sun hau kan juna.

"A nawa akwai wuri ɗaya da hannuna ya goce," in ji Dakta. "A nata babu. Hajiya Hansatu, wa ya koya miki?"

"Wani tsoho ne mai faɗan tsiya," in ji ta.

Dakta ta yi dariya har da share ido, sannan ta miƙa wa Manniru alƙalami. Ta ce ba a goge komai a littafin awo, ba a kuma yage shafi. Layi ɗaya ake ja a kan kuskure yadda kowa zai ga abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe. Sai ya gyara duka za ta aika, tare da bayanin abin da ya faru.

Ya buɗe watan Maris. Ya ja layi a kan Manniru Datti, ya rubuta Hansatu Muktar. Ya juya shafi ya sake ja. Wuri hamsin da bakwai ne, kuma hannun nan da Dakta ta yaba a Dei-Dei bai yi rawa ba ko a ɗaya. Hansatu na tsaye a kansa tana ƙirgawa, wai kada ya tsallake.

Da ya iso layin ranar, na ƙarshe a zagayen, wurin suna fari fat, sai ya tsaya. Layin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira ke nan. Ya juya littafin ya miƙa mata alƙalamin.

"Malam, ka san rubutuna kamar tafiyar kaza yake."

"Rubuta abinki. Ke kika auna."

Ta goge hannu a zane, ta durƙusa, ta rubuta harafi ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Sunan ya haura layi ya shiga na ƙasa. Manniru ya duba ya ce ya yi.

Yau in ka je Tungan Maje, za ka same shi Litinin da Alhamis a gindin ɗorawa da littafi a cinya, yana jiran a kira masa lamba ta taga. Ya koma majalisar mai shayi, bakin nan yana nan yadda yake. Sai dai in baƙo ya ce shi ne Mai Gadin Rana, yakan nuna ɗakin da sandarsa ya ce mai gadin tana ciki, a ɗan jira ta fito, kuma don Allah a zuba makulli a ƙwarya.